Amsoshin Tambayoyinku: Koyar da Karatu Rukuni-Rukuni da Majalisar Littafi

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a shirin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun da ke gabana yau duk a kan karatu suke: yadda za a koya wa yaro, da yadda wanda ya iya zai riƙe shi. Ta farkon za ta ci mana lokaci, don ita ce uwar sauran.

Wata malamar firamare ce ta rubuto daga Gusau. Ta ce: "Ina koyar da 'yan aji huɗu, yara 94. Idan na rubuta a allo na biya musu, duk ajin amsawa yake har a ji mu daga bakin titi. Amma ranar jarrabawa rabinsu ko sunansu ba sa iya rubutawa. An ce in raba su rukuni-rukuni. Ta yaya, alhali ni kaɗai ce?"

Malama, Allah Ya saka miki da alheri da kika damu har kika ɗauki biro. Abin da ake ji daga bakin titin nan amshi ne. Yara goma na gaba ke karantawa, sauran bakinsu suke bi. Na taɓa zama a bayan wani aji irin naki, da aka tashi na kira wata yarinya da muryarta ta fi ta kowa tashi. Ta rero mini ba, be, bi, bo, bu, ko numfashi ba ta ja ba. Sai na rufe sauran da tafin hannu, na ɗora yatsa a kan "bo" shi kaɗai. Ta dubi yatsan, ta dube ni, ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta. Shekararta huɗu tana zuwa makaranta. Yarinyar nan kanta na ja sosai. Ba a dai taɓa zama da ita an saurari bakinta ita kaɗai ba.

Kuma matsalar ta wuce ajinki. A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi. A Afirka kudu da Sahara abin ya kusa tara cikin goma.

To, ga yadda ake rabon. Kuskuren da aka fi yi shi ne a raba yara bisa layin zama, ko shekaru, ko maza nan mata can. Wannan ƙaramin aji ne kawai aka yi daga babba, matsalar tana nan. Abin da za ki raba su da shi shi ne inda karatun kowa ya tsaya. Wata ƙungiya a Indiya mai suna Pratham ita ta shahara da wannan tsari na koyar da yaro daidai matakinsa. Masana tattalin arziki Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu lambar Nobel a 2019, sun yi shekaru suna gwada shi tare da ƙungiyar, suka ga yana aiki. A nan gida ma an gwada shi a Borno, an kuma gwada a Kano, a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, da 'yan aji huɗu zuwa shida.

Takarda ɗaya tal kike buƙata. Ki rubuta baƙaƙe warwatse a gefe, kalmomi masu sauƙi kamar "gida" da "tuta" a wani gefen, sai 'yan jimloli huɗu, sai gajeren labari. Ki zauna a baranda, yara su riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, 'yan mintuna kowa. Ki fara nuna masa jimlolin. In ya karanta, ki haura da shi labari. In ya kakare, ki sauko kalma, in nan ma ya tsaya, ki sauko baƙi. Kafin mako ya ƙare kin san masu mataki biyar: wanda bai san baƙi ba, mai baƙi, mai kalma, mai jimla, da mai labari. Ki rubuta sunan kowa a gurbinsa.

Daga nan ki ware awa ɗaya kullum, ki ajiye manhaja a gefe. Masu neman baƙi su zauna a ƙasa su zana shi a yashi da yatsa, suna faɗar sautinsa. Masu kalma ki tara musu murafen kwalba, ki rubuta gaɓa ɗaya a cikin kowanne, su riƙa haɗawa: "ka" da "za" su ba da kaza, a canja "za" da "sa" a ga abin da ya fito. Kada ki bar ɓ da ɗ da ƙ sai ƙarshe. Yaron da bai bambance "kasa" da "ƙasa" a rubuce ba zai daɗe yana tuntuɓe. Masu labari kuwa su karanta bi da bi, su tambayi juna abin da ya faru.

Batun ke kaɗai ce, gaskiya ne, kuma ba zan raina shi ba. Amma ki tuna tsangaya. Malam guda, almajirai sun fi hamsin, kowa da allonsa kuma kowa a inda ya tsaya: wannan yana babbaƙu, wancan yana farfaru, wani ya yi nisa a izu. Gardi ke biya wa kolo, malam yana zagayawa yana gyara. Ba a taɓa wanke wa yaro allo don shekarunsa sun kai ba, sai ya iya abin da ke kai. Ni a ganina wannan hikimar ce makarantar boko ta yar a hanya, yanzu kuma muke karɓo ta daga Indiya. Ki ɗauki masu labarin nan ki ba kowane rukuni jagora a cikinsu, ana musanya su kowane mako don kada nasu karatun ya tsaya. Ke kuma ki fi daɗewa wajen na ƙasa. In hedimasta zai yarda, ku haɗu da malaman aji biyar da shida a wannan awar, kowa ya riƙe mataki guda. Haka ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Wasiƙa ta biyu daga wani uba ce a Maraɗi, kuma ta taɓa ni. Ya ce an mayar da ɗansa mai shekara goma sha biyu rukunin masu koyon baƙi, yaron ya dawo gida yana kuka, ya ce ba zai koma ba.

Baba, kukan nan yana da dalili, kada a yi masa faɗa. Abu biyu nake roƙon malamansa. Kada a kira rukuni da na ɗaya da na ƙarshe, balle a ce na daƙiƙai; a sa musu sunan tsuntsaye ko na garuruwa. Sannan a sake gwaji bayan 'yan makonni, wanda ya haura a matsar da shi nan take. Rukunin da yaro ya shiga ya kasa fita ya zama kurkuku. Kai kuma Baba, ka zaunar da shi bayan sallar isha ka ce masa zango ne, ba mazauni ba. Yaro mai shekarunsa in ya kama baƙi da wasali gudu yake yi, musamman da Hausa, tunda yawanci yadda ake faɗar kalma haka ake rubuta ta. A Nijar, inda Faransanci ke jiransa a gaba, ƙwarewar haɗa baƙin da ya samu da harshen gida za ta bi shi can.

Sai wani matashi daga Zariya, ya ce shi da abokansa suna son kafa ƙungiyar karatun littattafai a unguwa, amma ba kuɗin saye, kuma suna tsoron a fara a watse.

Ɗan'uwa, littafi guda ya isa a fara. Kada ku wuce mutum takwas ko goma, don da an yi yawa sai baki biyu su mamaye zaman. Ku tsayar da rana da wuri, ko da dakalin ƙofar gida ne bayan la'asar ɗin Asabar, kada ku riƙa ɗagawa. Littafin ya riƙa zagayawa, kowa ya karanta shafi a bayyane. In ana so a ƙara, karo-karo na ɗan abin da ya sawwaƙa a wata zai sayo na biyu. Ga masu ƙanne, akwai labaran yara na Hausa kyauta a intanet, a African Storybook da StoryWeaver, ana iya sauke su a waya.

Abin da ke kashe irin wannan majalisa ba rashin littafi ba ne, mayar da ita aji ne. Da zarar wani ya zama malami yana tambayar "waye jarumin labarin?" kamar jarrabawa, mako uku za ka ga an fara ba da uzuri. Ku yi tambayar da za ta jawo gardama: da kai ne, za ka yafe masa? Wane ne mai gaskiya tsakanin uwar da 'yar? Wanda bai samu karantawa ba ya zo haka nan, kada a kunyata shi. Gardamar da zai tarar ita za ta sa mako mai zuwa ya riga kowa neman littafin.

Ta ƙarshe daga wata uwargida ce a Sakkwato. Ta ce su bakwai ne a layinsu, uku sun iya karatu huɗu ba su iya ba, suna son su riƙa haɗuwa amma wasu na cewa wannan baƙon abu ne.

Hajiya, a garinku ne ma bai kamata a kira shi baƙo ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ita ta kafa 'Yan Taru. Takan naɗa wa jaji, wato malamar da ke jagorantar matan, malfa da jan rawani, jajin ta koma ƙauyensu ta tara mata a cikin gida tana koya musu waƙoƙin ilimi. Mafi yawan wancan karatun da ka ake ɗaukarsa, naku kuma na baƙi ne a takarda, amma zaman iri ɗaya ne. A Kano ma tun shekarun 1980 mata ke karɓar hayar littattafan Hausa, ɗaya na karantawa, sauran na tsinke zogale suna saurare.

Shawarata ku raba zaman biyu. Rabin farko a karanta labari a bayyane kowa ta ji daɗinsa ta ce albarkacin bakinta, mai karatu da marar karatu duk ɗaya. Rabi na biyu kowace mai karatu ta ja ɗaya ko biyu gefe. Kada ku fara musu da a, b, c kamar 'yan aji ɗaya. Ku fara da sunanta, da sunayen 'ya'yanta, da abin da take sayarwa. Matar da ta rubuta "ƙuli-ƙuli" da hannunta ta riga ta mallaki baƙi biyu da wasali biyu, kuma da su kaɗai za ta iya karanta "ƙulli" a zama na gaba.

Lokaci ya cimma mana. Malamar Gusau, idan kin yi gwajin barandar nan, ki rubuto mana yara nawa suka faɗa kowane mataki, mu karanta wa sauran malamai. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.