Amsoshin Tambayoyinku: Akilis jarumi ne ko mai zuciya?

Mai gabatarwa: Masu sauraro barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙu sun yi tuli, lokaci kuma ba ya jira, sai mu fara.

Wani daga Damagaram yana tambaya ko birnin Taroya ya taɓa wanzuwa. Ya wanzu. Kangonsa na nan a tudun Hisarlik, a arewa maso yammacin Turkiyya, inda wani Bajamushe, Heinrich Schliemann, ya yi haƙa a shekarun 1870.

Wata 'yar makaranta daga Kumasi tana son tsawon waƙar Iliyad ta Homa, tsohon mawaƙin Girka, wadda ke ba da labarin yaƙin Taroya: kashi 24, layuka sama da 15,000. 'Yata, da gani aikin gida ne aka ba ki, ki je ki karanta da kanki.

Sai tambayar da ta fi yawa, daga Kano da Maraɗi har Garwa: shin Akilis, babban mayaƙin Girkawa a Iliyad, jarumi ne, ko dai mai zuciya ne kawai? Malam, bisimilla.

Malam: To, ka ga, zamanin tagulla ne. Garkuwar da aka ƙera masa ma abin kallo ce, an zana birane biyu a jikinta, ga manoma suna huɗa, ga masu girbi, ga samari da 'yan mata suna rawa...

Mai gabatarwa: Malam, Allah ya gafarta, garkuwa mun ji. Fushin ake tambaya.

Malam: Fushin ne ai tushen waƙar. A shekara ta goma ta yaƙin da Girkawa suka kai wa Taroya, jagoransu sarki Agamemnon ya ƙwace masa Biriseyis, kuyangar da ya samu a ganima, a gaban rundunar Girkawa duka. Akilis ya ajiye makami, ya zauna a tantinsa. Ana kashe 'yan uwansa, an aiko masa da dukiya don ba shi haƙuri, ya ƙi. Sai da amininsa Fatrokulus ya sa sulken Akilis ya fita, Hekta, ɗan sarkin Taroya, ya kashe shi.

Mai gabatarwa: Ku ji fa, masu sauraro. Ba don Girkawa ya koma fage ba, don amininsa ya koma. Kuma ya san abin da ke jiransa, ko Malam?

Malam: Sarai. A tatsuniyar tasu, uwarsa Tetis ta gaya masa hanya biyu ce: ya koma gida ya tsufa ba a san shi ba, ko ya tsaya a Taroya ya mutu da ƙuruciya sunansa ya ɗore. Daga baya ta ƙara masa cewa in Hekta ya faɗi, ajalinsa ne na gaba.

Mai gabatarwa: Ya sani, ya fita. In Hekta ya mutu shi ma ya tafi, amma ya fita. Ni a nawa ganin wannan jarumta ce, ba musu. Amma ɗaure gawar Hekta a bayan keken doki yana ja a ƙasa kwana da kwanaki, wannan bai yi ba, ko da me aka yi masa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne daren da tsoho Firiyam, uban Hekta, ya shiga tantinsa ya sumbaci hannun da ya kashe masa ɗa. Akilis ya tuna nasa uban, Feliyus, suka yi kuka tare, ya sa aka wanke gawar, ya ba tsohon abinci, ya tsagaita yaƙi don a yi jana'iza. Haɗiye zuciya irin wannan ta fi masa wuya a kan fuskantar Hekta.

Minti ɗaya ya rage. Mai tambaya daga Ndjamena kan diddigen Akilis, wai nan ne kaɗai makami ke iya kama shi: babu wannan labarin a Iliyad, marubutan baya ne suka kawo shi, irin su Statius na Rum. Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.