Hirar Zango: Sabon Soja da Makullin Mota

BINTA: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa a Hirar Zango, daga nan Agege. Idan kun ji ƙarar jirgin ƙasa ku yi haƙuri, layin dogo na bayanmu. Ina tare da Baba Saja, wanda ya ajiye kaki amma kakin bai ajiye shi ba, da kuma Oga Usaini bakanike. Baba, ina wuni?

BABA SAJA: Lafiya lau, 'yata. Ya gida, ya su Hajiya?

BINTA: Alhamdu lillahi. Oga Usaini, yau dai ka wanke hannu.

USAINI: Baƙin mai ba ya fita a kwana ɗaya, Anti Binta. Haka za ku yi haƙuri da ni.

BINTA: To, yau maganar ta gida ce. Ƙanena ne, autanmu. Ya gama horo a Depo na Zariya, wata shida cif, aka turo shi nan Legas, barikin Ojo. Ko wata biyu bai yi ba ya kira ni, wai Yaya, mota zan saya. Yana da kason da ya samu na gonar gado da aka sayar, sai ɗan abin da ya taru masa lokacin horo, wai ragowar zai ci bashi. Corolla yake so. Na ce masa ya dakata in kai ƙara gaban manya.

BABA SAJA: Kafin a je ko'ina, ya iya tuƙi?

BINTA: Ya ce ya iya.

BABA SAJA: Ya ce. Tuƙin hanyar garinku Funtuwa daban, tuƙin Mile 2 da ƙarfe shida na yamma daban, inda tirela ke dama, tankar mai ke hagu, danfo kuma ya rantse sai ya bi ta tsakaninku. Amma bar wannan. Ni tambayata ɗaya ce, kuma ita zan yi ta maimaitawa har a tashi. Wa zai hau motar nan?

BINTA: Shi mana, Baba.

BABA SAJA: Ina! Ranar da yaro ya yi rantsuwa a Zariya, ƙafarsa ta tashi daga tasa. Yau yana Ojo, gobe sigina ta zo, ya ji sunansa cikin masu tafiya Arewa maso Gabas, rundunar Haɗin Kai, ko dajin Zamfara. Ba a tambayarka ko ka gama biyan bashi. Ƙaramin soja ko fita bariki zai yi sai da fas. Yana gadi, yana fareti, yana sintiri, wani lokacin a tura su shingen bincike mako guda ba su ga ɗakinsu ba. Ni fa abin nan a kaina ya faru.

USAINI: To, ga labarin 504 ya zo.

BABA SAJA: Dole ya zo, ai darasi ne. A 1997 na sayi Peugeot 504, irin haɗin Kaduna ɗin nan, fara tas. Ina kofur a lokacin. Wata huɗu na hau ta. Farkon 1998 aka ce mu shirya, Saliyo, aikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma. Na miƙa wa wani abokina makulli na ce ya riƙa tayar da ita kullum da safe. To ya tayar da ita kam. Har kabu-kabu ya yi da ita. Da na dawo na tarar da ita a bayan bulo, an ɗora ta kan duwatsu, ba taya ko ɗaya, kaji sun mai da kujerar baya wurin ƙwai. Na zagaya ta sau uku, na rasa ko kuka zan yi ko dariya.

BINTA: Shi abokin fa?

BABA SAJA: An yi masa canjin wurin aiki shi ma. Wa zan kama?

USAINI: Kuma Baba, taka ma mai ƙashin arziki ce, tsohuwar mota ba ruwanta da lantarki da yawa. Na yanzu in ka ajiye su wata uku, batir ya mutu, taya ta tafe, ɓera ya shiga ya cinye wayoyi. Ga iskar gishiri ta bakin ruwa, ƙasan mota ya yi ta tsatsa kai ba ka sani ba. Sannan akwai ɓarayin da ba motar suke so ba. Ƙwaƙwalwar injin suke cirewa, ko abin nan na cikin salansa da muke ce wa indomi. Ka zo da safe mota na nan lafiya a ido, ka murɗa makulli shiru.

BINTA: Amma Oga Usaini, ɗazu kafin mu kunna na'ura kai ka ce ba ka ga laifin yaron ba.

USAINI: Har yanzu ina kan bakana, ta wani gefen. Ki duba abin da ya faru da naira. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa 2024 ta haura 1,500. Duk motar da ke Berger, kasuwar motocin nan ta Legas, da dala aka sayo ta, kwastan ma da farashin dala suke lissafin kuɗin fito. Wanda ya sayi mota a 2022 ya hau ta shekara biyu, ya sayar ya ci riba a kan takarda. Wanda ya rungume kuɗinsa a banki kuwa, yana kallo suka zama rabi. Yaro ya ga haka da idonsa, don me zai yarda ya ajiye kuɗi?

BABA SAJA: Ai ba wanda ya ce ya ajiye kuɗi a banki. Kuɗin gona ne, ya koma ƙasa. Fili a gida ba ya neman juyen mai, ba ya tsatsa, ɓera ba ya cin wayarsa. Ko ya sayi bijimai biyu ya ba kawunsa kiwo. Wancan tashin farashin da kake faɗa, faɗuwar naira ce ta kawo shi, motar ba ta ƙara daraja ba. In ya sayar, da kuɗin me zai saya? Irinta dai, ko wadda ba ta kai ta ba.

USAINI: Wannan kam gaskiya ne.

BINTA: To a yi mana lissafin ciyar da ita, don shi abin da yake gani kuɗin saye ne kawai.

USAINI: Mu fara da mai. Ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, lita ba ta kai naira 200 ba. Cikin kwanaki ta koma wajen 500, kafin ƙarshen 2024 ta haye 1,000. Tankin Corolla lita 50 yake ci. A ce lita naira 900 don sauƙin lissafi, cika tanki sau ɗaya 45,000 ke nan. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan, wanda aka sa wa hannu a Yulin 2024, naira 70,000 ne. Shi ya san abin da ke shigo masa a wata, ya ɗora wannan a kai ya gani. Kuma a cunkoson Legas mota tana shan mai ne a tsaye. Ka ƙona lita biyar ba ka wuce Iyana Iba ba.

BABA SAJA: Ga takardu.

USAINI: Ga takardu. Inshorar nan ta dole, wadda da ake biyan 5,000, tun Janairun 2023 ta koma 15,000. Lasin mota duk shekara, takardar lafiyar mota, wadda a Legas sai ka kai ta an ɗora a na'ura an duba birki da fitilu. Shi kansa lasin tuƙi sai ya bi ta makarantar koyon tuƙi. Sannan sabis, baƙin mai da filta, in ya so ranar da shokazoba ta ce ga garinku a ramukan hanya, sai a nufi Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota.

BINTA: Shi fa cewa ya yi soja ba ya buƙatar takarda, hula kawai zai ɗora a gaban gilashi.

BABA SAJA: Subhanallah. Ki gaya masa in ji ni, wannan tunanin shi ke kai yaro gadirum. A farkon Janairun 2024 Gwamna Sanwo-Olu da kansa ya sa aka kama wani a kan babur yana bin hannun da ba nasa ba a hanyar Badagry, ya ce shi soja ne, gwamna ya ce a sa shi a mota. Duniya ta gani a bidiyo. Hanyar da ke gaban barikinsu ke nan fa. Yanzu kowa na da waya a hannu. Ka yi rigima da ɗan LASTMA, masu kula da zirga-zirgar motoci a Legas, kafin ka koma bariki kwamandanka ya riga ya kalla. Sabon soja da ko igiya ɗaya bai ɗaura ba, wa zai tsaya masa?

BINTA: To ni kuma bari in faɗi tawa, wadda ta fi damuna. Ranar da hoton motar nan ya shiga zauren danginmu na WhatsApp, shi ke nan an gama da shi. Kowa zai ce auta ya yi kuɗi. Kuɗin makarantar wane, maganin wance, gudummawar biki. Ba wanda zai yarda cewa bashi ne. Sannan Hajiya ta riga ta fara zancen aure, kuma na san yarinyar da yake so ya burge da motar.

USAINI: Af, ashe ga inda gizo ke saƙa.

BINTA: Ai na san kayana. So yake ya shiga Funtuwa ranar Sallah da kaki da mota.

USAINI: Tafiyar wajen kilomita 1,000, da tsohuwar motar da bai san halinta ba, shi kaɗai a sitiyari. Allah Ya kiyaye. Bashin kuma daga ina?

BINTA: Wai masu ba ma'aikata rance, a riƙa cira daga albashi.

BABA SAJA: Nan ne ramin. Ko ba a yi maganar haramcin ruwa ba, wanda shi ya sani, a duba nauyinsa. A ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, masu ba da rance kuwa sama da haka suke ɗorawa. Albashi zai shigo, su cire nasu kafin ya ji ƙarar alat. Na ga yara a daji, ana ruwan wuta, hankalinsu na kan bashi. Soja mai bashi a wuya shi ne wanda za ka gani yana miƙa hannu a shinge, daga nan kuma sai abin kunya. Kowa ya hau motar kwaɗayi, an san tashar da zai sauka.

USAINI: Wasu kuma sai su ce a ba direba ya yi Uber ko Bolt da ita, yana kawo balas duk mako, ta biya kanta. Yana yiwuwa, amma sai mai mota yana kusa. Kullum irin waɗannan motocin ke garejina, direba ya ce giya ce, mai mota ya ce ƙarya ne. Wanda ke Monguno ba sabis a waya, da wa zai yi wannan musun?

BINTA: To yanzu in ya ce da me zai riƙa zirga-zirga? Don acaɓa ma tun Yunin 2022 an hana a Ikeja da Surulere da Apapa da su Lagos Island.

BABA SAJA: Ina zai je? Ɗakinsa na bariki, aikinsa na bariki, kasuwar mami na bariki. In aiki ne motar gwamnati za ta kai shi. In tuwo ya yi marmari, Alaba Rago na nan kusa da shi, danfo ɗaya ne. In Marina zai je, ya sauka Mile 2 ya hau jirgin Blue Line da aka fara a Satumbar 2023. In wurinki zai zo, ga Red Line nan tana tsayawa a Agege. Mu a zamaninmu ina muka ga wannan? Abin dariya ma, kusa da barikin nasu akwai tashar da har yau kwandasta ke kiran Volks, saboda kamfanin Volkswagen da ya taɓa harhaɗa motoci a wurin. Lokacin malamin makaranta ma yana iya sayen sabuwa dal. Yanzu saura suna.

BINTA: Baba, ke nan kai sam kada ya saya?

BABA SAJA: Ban ce sam ba. Ya bari ya yi shekara biyu ko uku, ya je daji ya dawo, ya san inda aka ajiye shi. In ya yi aure, matar na gidan bariki, akwai kai yaro asibiti cikin dare, to a lokacin mota ta sami mai hawa ko ba ya nan. Kafin nan ya shiga adashi da abokan aiki amintattu, ya saya da kuɗinsa a hannu.

USAINI: In kuma ya ƙi ji, don na san samari, to Anti Binta kada ya je Berger shi kaɗai, kuma kada ya je da kaki. Dillalai na ganin sabon aski da sabon takalmi farashi ya tashi. Akwai motar da ambaliya ta cinye a Amurka, a sayo ta gwanjo, a wanke a fesa turare. Sai ka ɗaga kafet ka shinshina, ka duba ƙarƙashin kujera ko akwai tsatsa. Lambar shasi, mai harafi da lamba 17, a bincika ta a intanet, tarihin motar zai fito, har da ainihin tafiyar da ta yi, don ana mai da mita baya. A tabbatar da takardun kwastan, musamman in an ce masa 'yar Kwatano ce mai araha, domin tun Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa. Kwastan na iya tare shi a hanyar Ibadan su karɓe, hula a gaban gilashi ba za ta hana ba.

BINTA: To ga shawara. Ranar Asabar in ya sami fas, Oga Usaini ka raka shi Berger ɗin, ba don saye ba, ya ji farashi da kunnensa. Daga nan ku biya Ladipo ya tambayi kuɗin giyabos.

USAINI: Na yarda, amma shi zai biya kuɗin danfo, da shinkafar rana.

BABA SAJA: In kun gama ku kawo mini shi nan. Ina da hoton 504 ɗin a kan duwatsu, har da kajin.

BINTA: Don Allah Baba ka turo mini in sa wa masu saurare. Ga jirgi nan ya sake tahowa, mu tsaya a nan. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.