Amsoshin Tambayoyinku: A Wace Unguwa Zan Sauka a Babban Birni?

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun da suka taru mana a wannan makon kusan bakinsu ɗaya. Mutum ne zai shiga babban birnin da bai sani ba, wani aiki zai kai shi, wani karatu, wani jinya ko 'yar ziyara, yana son sanin inda ya kamata ya sauke kayansa.

Ta farko daga wani matashi ce. Ya ce: "Na samu aiki a wani babban birni inda ban san kowa ba. Duk wanda na tambaya sai ya kira mini sunan unguwa daban. Ta ina zan fara?"

To Malam, Allah ya sanya alheri a aikin. Ka ajiye sunayen unguwannin nan tukuna. Kowa unguwar da ta dace da tasa rayuwar yake faɗa maka. Buɗe taswira a wayarka, ka sa alama a wurin aikin. Ka ƙara alama a wurare biyu ko uku da ka san ba makawa za ka riƙa zuwa duk mako. Daga waɗannan alamomin ake fara neman gida, domin ɗaki kwana za ka yi a cikinsa, hanya kuwa kullum sai ka taka ta sau biyu.

Sannan ka daina auna nisa da kilomita, ka koma auna shi da minti. A babban birni kilomita 5 na iya cin awa guda, kilomita 20 kuma ta ci minti 25 idan jirgin ƙasa ya ratsa wurin. Wani masani ɗan Italiya, Cesare Marchetti, ya yi bayani a 1994 cewa tun zamanin tafiyar ƙafa har zuwa na mota, ɗan Adam yakan ɓatar da kimanin awa ɗaya ne a rana wajen zirga-zirga, wato rabin awa zuwa, rabin awa dawowa. A manyan birane da yawa samun hakan sai an dace, amma ka riƙe shi a matsayin ma'auni. Minti 30 ya yi kyau, minti 45 ana jurewa, abin da ya haura awa guda kuwa zai fara cin barcinka da lafiyarka.

Lissafin kuma daga ƙofa zuwa ƙofa ake yin sa, kuma a nan ne mutane ke ruɗin kansu. Mai lafiya yana taka kimanin mita 80 a minti ɗaya, ka ga mita 400 minti 5 ke nan, mita 800 minti 10. Masu tsara birane sukan ɗauka cewa mutum zai yarda ya taka mita 400 zuwa tashar bas, mita 800 zuwa tashar jirgin ƙasa. Gidan da ya wuce wannan, ran da aka tashi da ruwa ko zafin rana, kuɗin tasi za ka biya. Sai jira: motar da ke zuwa duk bayan minti 20, a ƙiyasi jiran minti 10 ke gabanka. In kuma sai ka sauka ka canja wata, jiran ya zama biyu, kuma makarar ta farko za ta sa ta biyu ta wuce ka. Shi ya sa muke cewa tafiyar minti 40 a mota ɗaya ta fi ta minti 30 mai canji biyu kwanciyar hankali.

Manhajojin taswira suna ba ka damar sa ranar da lokacin da kake son tashi. Sa Litinin ƙarfe 7 na safe, ka sake sa ƙarfe 5 da rabi na yamma. Wanda ya duba da tsakar daren Asabar zai ga hanya fayau, ya kama gida, sai ranar aiki ta farko ya gane kurensa. Ka kuma duba ko akwai kogi, ko layin dogo, ko wata babbar hanya tsakaninka da wurin aikin, domin duk inda jama'a suka dogara da gada, nan cunkoso ke kwana. Dubi Istanbul: mashigin ruwan Bosforus ya raba birnin gida biyu, ɓangaren Turai da na Asiya, gadoji uku ne a kansa. Tun da aka buɗe jirgin Marmaray mai bi ta ƙarƙashin ruwan a 2013, wanda ke kusa da tasharsa yana haye wa cikin 'yan mintoci, mai mota kuwa yana can kan gada a tsaye. Unguwa ɗaya, mutum biyu, tafiya daban. Kar ka manta da tambayar lokacin da motar ƙarshe ke tashi da dare, musamman in aikin naka na tashin dare ne.

Shawararmu ta ƙarshe gare ka: kada ka biya kuɗin shekara daga nesa. Kama masaukin mako biyu ko wata ɗaya a kusa da wurin aikin, ka yi amfani da wannan lokacin ka zaga.

Wani ɗalibi kuma ya rubuto yana cewa ya samu ɗaki biyu, ɗaya mai tsada kusa da makaranta, ɗaya mai araha a bayan gari, wanne zai ɗauka?

Ɗalibi, ɗauko takarda ka haɗa kuɗin haya da kuɗin mota na wata guda a kowanne, sannan ka gwada su. Akwai ma'aunin da ya shahara, cewa kada haya ta wuce kashi 30 cikin 100 na abin da ke shigo wa mutum. Asalinsa dokar gidajen gwamnati ce ta Amurka, wadda ta sa kashi 25 a 1969, aka ɗaga zuwa 30 a 1981. Gurguncinsa shi ne bai sa kuɗin zirga-zirga a ciki ba, shi ya sa wasu masana suka gwammace a haɗa biyun, kada su wuce kashi 45. A Landan, misali, an yanka birnin shiyya-shiyya daga ta 1 zuwa ta 9, kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa kuma yana ƙaruwa da yawan shiyyoyin da ka ratsa. Sauƙin da ka samu wajen mai gida, wani kaso nasa a tashar jirgi za ka mayar.

Sai lokaci. Ƙarin minti 45 zuwa, minti 45 dawowa, a kwanakin karatu 22, awa 33 ke nan a wata. In bayan ka haɗa komai ɗakin nesa ya fi sauƙi sosai, kuma mota ɗaya ce za ka zauna a ciki har ka iya bitar karatu, ɗauke shi. In bambancin bai taka kara ya karya ba, zauna kusa. Ka kuma tambayi abin da ke cikin kuɗin hayar da wanda ba ya ciki: ruwa, wuta, kwashe shara, gadi, dumama ɗaki a ƙasashen sanyi, da la'adar dillali.

Wasiƙa ta uku daga wata uwa ce mai 'ya'ya uku, wadda za su koma wani birni da maigidanta. Ta ce: "Ni tsaro da lafiyar yarana ne damuwata. Yaya zan gane unguwa mai kyau alhali ni baƙuwa ce?"

Hajiya, tambayarki ita ce ta fi kowacce nauyi, kuma amsarta ba ta cikin waya. Gani ya kori ji. Unguwar da kuke so, ku je mata aƙalla sau uku a lokuta daban: da safe lokacin fita aiki, da dare bayan ƙarfe 9, da kuma ranar hutu. Dillali yakan kai mutum da hantsi, sa'ad da yara suna makaranta, manya suna wurin aiki, ko'ina tsit. Layin nan da kika gani shiru da hantsi, da dare yana iya zama matattarar masu kiɗa ko wurin kwanan manyan motoci. Tafiyar dare kuma kada ki yi ta ke kaɗai.

Ku sauka daga mota ku taka da ƙafa, daga tasha har ƙofar gidan, ta hanyar da yara za su riƙa bi. Ki lura da waɗanda ke kan titi. In kin ga mata, da tsofaffi, da yara suna kai da kawo bayan faɗuwar rana, shaguna a buɗe, ƙofofi da tagogi suna kallon titi, wannan alama ce mai kyau. Wata marubuciya 'yar Amurka, Jane Jacobs, ta yi wannan bayanin tun 1961, cewa idanun mazauna da na masu shago su ne mai gadin titi na farko. Layi mai dogayen katangu hagu da dama, ba shago, ba mai wucewa, fitilu a mace, ko da gidajen na masu hali ne, wanda ya yi ihu a can babu mai jin sa. Kuma kada a yanke wa unguwa hukunci da sunanta. Unguwa guda tana iya ɗaukar dubban mutane, layi biyu da ke jere su sha bamban kamar dare da rana. Sunan da ta yi shekara 20 da suka wuce, mai kyau ko mara kyau, sau da yawa ya daɗe da tsufa.

Ga mai ƙananan yara, mota ma abin tsoro ce kamar ɓarawo. Ƙirga manyan titunan da yaro zai tsallaka kafin ya isa makaranta, ki duba ko akwai gefen masu tafiya a ƙasa, da fitilar ba da hannu ko gadar tsallakawa. Makarantar da ke mita 900 ba tare da tsallaka titi ba ta fi wadda ke mita 300 a hayin babbar hanya. A ƙasashe da dama ma adireshin gida ne ke yanke makarantar gwamnatin da za a ba yaro, don haka a bincika wannan kafin a sa hannu a takarda. Ki san asibiti mafi kusa da ke karɓar marar lafiya da dare, da mintin da za a ci kafin a isa.

Sai ruwa, wanda baƙon da ya zo da rani ba ya gani. Dubi gindin katangu: in akwai wani zane a miƙe, ƙasansa ya fi samansa duhu, ko fenti ya kumbura yana ɓarewa, iyakar inda ambaliya ta kai ke nan. In kin ga maƙwabta duk sun ɗaga dokin ƙofarsu, ko titi ya fi daɓen gidan tudu, ko magudanar ruwa ta cushe da shara, ki yi hattara. A cikin gida ki buɗe famfo biyu a lokaci guda ki ga ko ƙarfin ruwan zai faɗi, musamman a saman bene. Shinshina ɗaki, ki leƙa bayan kabad, domin sabon fenti a bango ɗaya tak yakan zama rufin asirin danshi. Rufe taga ki yi shiru na minti biyu ki saurara, sannan ki buɗe ki sake saurara. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar wa nahiyar Turai a 2018, ta ba da shawarar kada ƙarar motoci da dare ta wuce desibel 45 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), saboda abin da take yi wa barci. Akwai manhajojin waya masu auna ƙara, ba su kai na'urar gaske ba, amma sun isa ki gwada gida biyu. Ɗakin da ke bayan gini, ko gidan da ke layi na biyu daga titi, yakan fi shiru nesa ba kusa ba, domin ginin gaba ya tare ƙarar. Ki duba ƙarfin sabis na waya a cikin ɗakin kwana. A ƙasa mai zafi kuma, hawa na ƙarshe mai taga tana kallon yamma shi ne mafi zafi a ginin.

Matambayi ba ya ɓata, sai dai a san wanda ake tambaya. Mai gida da dillali so suke ki shiga. Mai shagon bakin layi, da mai kantin magani, da matar da kika tarar ta ɗauko yara daga makaranta, su ba su da riba a ciki. Kada ki ce "unguwar nan lafiya kuwa?", kowa lafiya zai ce miki. Ki ce: yaushe rabon da ruwa ya shiga gidaje? Me ya fitar da wanda ya tashi daga gidan nan? Ƙarfe nawa kuke rufe shago?

Wani Alhaji kuma kwana huɗu kawai zai yi a wata ƙasa, yana tambaya yadda zai zaɓi otal ta intanet.

Alhaji, mai kwana huɗu ya sayi kusanci ko da tsada, domin lokacinsa ne ƙarami. Amma kalmar "tsakiyar gari" a tallar otal ba abin dogaro ba ce, kwafi adireshin ka sa a taswira da kanka. Wasu biranen ma adireshin ke tona asiri. Birnin Paris an raba shi gunduma 20, lambobin sun faro daga tsakiya suna kewayawa waje kamar gidan dodon koɗi, lambar gidan waya kuma tana farawa da 75, ta ƙare da lambar gundumar. In ka ga 75004, gunduma ta 4 ce, tsakiya sosai. In ta fara da 92, 93 ko 94, ka fita daga ainihin birnin. Tabbatar kuma da filin jirgin da za ka sauka. Istanbul filaye biyu gare ta, ɗaya a kowane ɓangare, filin Beauvais kuwa da ake laƙaba wa sunan Paris yana da nisan kusan kilomita 85 daga birnin.

Wajen karanta ra'ayin waɗanda suka taɓa kwana, fara da na watanni shida na baya-bayan nan, ka nemi ƙorafin da ya maimaitu. Mutum ɗaya ya ce hayaniya, ƙila halinsa ne. Mutum goma, gaskiya ce. Hotunan titi na Google Street View suna ɗauke da wata da shekarar da aka ɗauke su, ka duba, kada hoton shekara bakwai ya yaudare ka. In akwai dattijo ko marar lafiya a tafiyar, tambayi ko akwai lif, ka kuma sani cewa abin da ake kira hawa na 1 a Amurka ƙasa ne, a yawancin Turai kuwa sai ka hau bene ɗaya.

Ta ƙarshe gajera ce. Wata baiwar Allah ta ce ta ga gida mai kyau da araha a intanet, mai shi ya ce yana ƙasar waje, ta tura kafin alƙalami ya aiko mata da mabuɗi.

Malama, kada ki tura ko sisi. Wannan tsohuwar hanyar damfara ce, alamominta uku duk sun cika: araha fiye da kima, mai gidan da ba ya ganuwa, da gaggawa. Ki sa hoton gidan a manhajar binciken hoto, sau da yawa za ki tarar da shi a wata talla, a wani birni, da wani suna. Ba a biya sai ke ko wakilinki kun shiga ciki, kun ga shaidar cewa mai karɓar kuɗin shi ne mai gidan ko wakilinsa, an rubuta yarjejeniya da ta faɗi kuɗin haya, da kuɗin ajiya, da sharaɗin mayar da shi, da wanda gyara ke wuyansa. A biya ta banki, a karɓi rasit. Ranar shiga kuma ki ɗauki hoton kowane ɗaki da lambar da ke kan mitar wuta da ta ruwa, ki tura wa mai gidan a ranar.

Lokaci ya cimma mu. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.