Daga Gombe zuwa Tafkin Tila a kan keke

Salamu alaikum jama'a. Wannan ruwan da kuke gani yanzu ba dam bane, ba kuma kududdufin damina bane, wuta ce ta haƙa shi. Tafkin Tila kenan, a ƙasar Biu, kudancin Borno, kuma a kan keke muka zo tun daga Gombe, sama da kilomita 100.

Mun tashi bayan sallar asuba, muka bi ta Kwadon. Daga Gombe zuwa Dadin Kowa kusan kilomita 40 ne kuma hanyar gangara tafi yawa, keke sai gudu yake kamar ana tura ka, to a nan ne mutum yake ruɗuwa ya ƙona ƙarfinsa tun da safe. Kar ka yarda. Ka tsaya a Dadin Kowa ka karya, ka cika gorunan ruwanka, don da ka tsallake kogin Gongola ka nufi Bayo da Kwaya Kusar labari zai fara canzawa, ƙasa tana ta ɗagawa a hankali har ka iso hawan Biu, inda zaka koma ƙaramin giya kana taka feda kana jin bugun zuciyarka a kunne.

To wannan hawan da ya wahalar damu shine asalin labarin. Tudun Biu narkakken dutse ne da ya dinga ɓulɓulowa daga ƙarƙashin ƙasa tun zamanin da ba kowa a wurin, ya malala, ya daskare, wani kan wani. Ku dubi baƙaƙen duwatsun nan na gefen titi, wasu duk huji-huji kamar soso, iskar da ke cikin dutsen ce ta bar wannan alamar lokacin da yake hucewa. Tsaunukan can masu kama da an kife ƙwarya kuwa, tsofaffin duwatsu masu aman wuta ne da suka mutu tuntuni.

Shi Tila nasa daban ne. Narkakken dutsen yana tasowa sai ya ci karo da ruwan ƙarƙashin ƙasa, kun san yadda ruwa yake yi in ya ɗiga a tafasasshen mai, to ku ninka wannan iya tunaninku. Ruwan ya zama tururi nan take, ƙasa ta fashe, aka bar wawakeken rami, daga baya ruwa ya taru a ciki. Shi yasa kuke ganinsa zagaye da ganuwa kamar kwano. Wallahi da na leƙa daga saman nan na jingine keke nayi shiru, ban taɓa zaton akwai irin wannan kusa damu haka ba.

In zaka zo, kazo da hunturu, rana bata cika duka ba. Hular kwano dole, da famfo da kayan faci da tib na ajiya, don ba ko'ina zaka samu mai faci ba. Kar kayi tafiyar kai kaɗai, ka tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki kafin ka fito, ka riƙe katin shaidarka saboda shingayen jami'an tsaro, kuma ka shiga Biu da sauran rana.

Wurin na mutane ne, 'yan ƙabilar Bura sun daɗe suna girmama tafkin nan da kadojinsa, don haka ka fara gaida dattawan gari tukunna, kar kuma zafi ya ɗebe ka ka faɗa wanka. Mu dai a Biu zamu kwana, gobe da sassafe mu kama gangara.