Bandakin nan na Liverpool: shi kaɗai doka ta kare ko duk ginin?

To jama'a, bidiyon bandakin nan mai ɗaukar ido da ake ta yawo da shi ana cewa wai gwamnatin Ingila ta sa shi cikin kayan tarihi, bari mu warware zancen.

Wannan gini da kuke gani a kwanar Hope Street, Liverpool, sunansa Philharmonic Dining Rooms, mashaya ce, a cikinta bandakin yake, kuma mu nan ginin ne ya kawo mu ba abin da ake sha a ciki ba. Wani attajiri Robert Cain ya sa aka gina ta tsakanin 1898 da 1900, Walter Thomas ya zana. Ku kalli ƙofar ƙarfen nan da aka murɗa kamar reshen fure, ga katakon mahogani, ga faifan tagulla a bango da aka buga hoton mawaƙa a jiki.

Yanzu ga inda ake ruɗewa. A Ingila in aka sa gini a rajistar kariya, ba a ware ɗaki ɗaya a ce shi kaɗai aka kare, haka kuma ba fuskar waje kawai ba kamar yadda wasu ke zato, galibi duk ginin ne ciki da waje har da abin da aka kafe a jiki, kamar kantar mashayar, murhu, tagogin gilashi masu zane, ƙananan duwatsun nan da aka jera a daɓe ɗaya bayan ɗaya. Bandakin maza ya shiga ciki ne kawai don yana jikin ginin. Mai wurin in yana so ya ciro tayil ɗin nan ya sa na zamani, sai ya nemi izinin ƙaramar hukuma tukuna, in ya yi gaban kansa laifi ne da zai iya kai mutum gidan yari, ba tara kawai ba.

Matakan kariyar uku ne, kuma a 2020 aka ɗaga wannan ginin zuwa mataki na ɗaya, inda kusan kashi 2.5 cikin 100 na gine-ginen rajistar ne kaɗai suke, sahu guda da fadar Buckingham.

Ni dai wallahi daɓen nan ya fi burge ni, ku dubi haƙurin wanda ya durƙusa ya jera shi. Mai kyamara, ɗan matso kusa su gani sosai.