Allurar Barbara: Yadda Saniya Ke Ɗaukar Ciki Ba Bijimi

Assalamu alaikum jama'a, sannunku da aiki. Yau muna wani garke ne ta wajen Vom a jihar Filato, sanyin safiya ma bai gama sakinmu ba. Wannan tulun ƙarfen da kuke gani ba na nono bane fa, maniyyin bijimi ne a ciki a daskare, cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Yana iya shekaru a haka muddin ruwan bai ƙafe ba, in ya ƙafe kuwa shikenan an yi asara.

Kaga wannan siririyar robar kamar tsinken tsintsiya, maniyyin da za a sa wa saniya ɗaya ne a cikinta. Likitan dabbobi zai tsoma ta a ruwan ɗumi kamar digiri 35 na wajen rabin minti, ya sa hannu ɗaya ta dubura ya riƙe bakin mahaifa, ɗayan ya zura robar ta farjinta ya juye maniyyin. Minti kaɗan an gama.

Toh ina matsalar take? Lokaci. Saniya na neman namiji duk bayan kwana 21 ne kusan, kuma abin baya wuce awa 12 zuwa 18, namu na gida irinsu bunaji ma sau tari da dare suke nunawa kuma a gajarce, sai gari ya waye makiyayi bai ga komai ba, an jira wani sati uku kenan. Alamun dai ba ɓoyayyu bane, za ta dinga kuka, ta kasa natsuwa, wani ruwa mai yauƙi yana zuba ta bayanta, babbar alama ita ce 'yan uwanta su hau ta ta tsaya cak. Ka gani da safe a yi mata da yamma, ka gani da yamma a yi washegari da safe. Manyan gonaki a waje suna rataya wa shanu na'ura a wuya tana turo saƙo a waya, mu nan idon mai kiwo ne na'urar, kuma wallahi in ya san shanunsa bai bar ta a baya ba. Akwai kuma allurar da ke haɗa su su nema lokaci guda, likita ya zo sau ɗaya.

Yawanci irin Friesian, wato shanun turawa, ake sawa saboda nono, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya sun daɗe suna haɗa shi da bunaji. Ni dai shawarata a tsaya rabi da rabi, duk da sanyin Jos na musu daɗi, tsantsar baturiyar saniya kaska da sammore basa raga mata, ga ci kamar gara.

Bayan wata ɗaya ana iya sikanin a gani ko ciki ya shiga, wata tara da 'yan kwanaki ta haihu. Anan ne fa mutane ke sakaci. Maraƙi ya sha dakashi cikin awa 6 na farko, kamar kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa, don bayan awa 24 hanjinsa ya daina ɗaukar kariyar da ke ciki, ko ka ɗura masa jarka guda. A goga masa aidin a cibiya, wajen kwanansa ya zama busasshe, damina a Filato kun san ta. Kuma don Allah a daina tatse uwar ƙarƙaf a kai kasuwa a bar shi da tsotsar iska, gudawa tana zuwa ta kwantar da shi.

Rigakafi kuwa bamu da uzuri, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta NVRI tana nan Vom tun 1924, ita ke yin na ciwon huhu. Ku samu littafi ko da na ɗan makaranta ne, a rubuta lambar kunnen saniyar, ranar da aka mata allura, da irin bijimin, ranar kwana na 18 kuma a fara sa mata ido ko za ta sake nema.