Share mataccen kod a kanel na GPU: laccar da aka yi wa matasan Zango a Kumasi

Assalamu alaikum. Na baya, kuna jina? To madalla. Abubuwa uku na zo da su a kan kod ɗin da ba a amfani da shi a cikin kanel, wato ɗan shirin nan da ke gudana a kan GPU, katin da ke yin lissafi da yawa a lokaci guda, idan ana horar da manhajar koyon na'ura.

Na farko, sai ka ji ana cewa ai kwamfaila, manhajar da ke fassara kod zuwa yaren na'ura, zai cire shi da kansa. Zai cire, amma ba duka ba. Kwamfailan kamfanin Nvidia, mai suna nvcc, abin da ya tabbatar ba shi da tasiri kaɗai yake zubarwa. In wani reshen kod yana bayan wani sharaɗi da ba a sanin matsayinsa sai shirin ya fara aiki, to yana nan daram, ko da tun haihuwarsa ba wanda ya kunna shi.

Yanzu ku buɗe kunne, don wannan ne ya fi damuna. Ku ɗauki katin GPU na Nvidia mai suna A100. Kowane sashen sarrafawa a cikinsa yana da rajista, wato ƙananan wuraren ajiya masu sauri, 65,536, kuma yana iya riƙe zare, wato ƙananan ayyukan da ke gudana tare, 2,048 a lokaci guda. 'Yan jami'ar KNUST, ku raba mana. Ehe, 32. Kowane zare rabonsa 32 ke nan in ana so gida ya cika. To kwamfaila yana ware wa zare rajista gwargwadon hanyar da ta fi ci, ko ana binta ko ba a bi. Mataccen reshe ya kai ku 64, zare sun koma 1,024. Rabi fa! Tamkar trotro ce, ƙaramar motar haya, a tashar Kejetia, an kama rabin kujeru da sunan fasinjojin da ba za su zo ba, masu tafiya na tsaye a rana. Kuma amfanin yawan zaren shi ne, in rukuni ɗaya na zare 32 yana jiran bayanai daga ma'adana, wani rukunin ya karɓi aiki. In sun yi kaɗan, sau da yawa kati zaman jira yake yi, kai kuwa kana biyan haya da dala. Don Allah ku riƙa sa wa nvcc umarnin -Xptxas -v, zai faɗa muku rajista nawa kanel ya ci. Ku duba kafin sharewa, ku duba bayanta. Ku duba, na ce.

Na biyu, tsofaffin katuna: tun 2022 CUDA 12, manhajar Nvidia ta rubuta shirin GPU, ta sallami tsofaffin katunan zuriyar Kepler, rassan da aka rubuta dominsu sai nauyi. Na huɗu... na uku ko? To, kada ku ji tsoron gogewa, Git, manhajar da ke adana duk sauyin da aka yi wa kod, na riƙe da tarihi.

Na'am, ƙanwata? Ta ce ta cire layi ɗaya, kanel ya koma gudu kamar walƙiya. Wane layi? Wanda ke rubuta sakamako? Ayya, ƙanwata, kin cire bakin fita ne. Da kwamfaila ya ga lissafin ba ya zuwa ko'ina, sai ya ɗauke shi duka a matsayin matacce, kin auna gudun kanel da ba komai a cikinsa. Mayar da layin, ki gwada sakamakon da na lissafin CPU, babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta, sannan ki sake aunawa. Kawo kwamfutar nan gaba mu duba tare.